Lambun Akwati: Dabara ce ko Wasan Masu Hali?

Duk lokacin da kayan miya suka yi tashin gwauron zabi, ba a rasa masu cewa kowa ya koma ya shuka nasa a gida. Shawarar tsohuwa ce. A 1976 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin Operation Feed the Nation, aka yi ta kira ga ma'aikata da 'yan makaranta su kama fartanya ko da a bayan ɗaki ne. Kiran ya sake tasowa a tsakiyar 2024, sa'ad da tumatir ya yi tsadar da wasu gidajen suka koma markaɗa karas suna ƙarawa a miya don ta yi ja. Bambancin kawai shi ne yanzu shawarar da hoto take zuwa, a cikin waya.

Hoton na wani akwatin katako ne, tsawonsa ƙafa 4, faɗinsa ƙafa 4, zurfinsa inci 6. An cika shi da baƙar ƙasa, an gitta siraran katako a kansa sun raba shi gida 16, kamar gidajen dara. Kowane gida ƙafa ɗaya ne ta kowace fuska, kuma kowanne da abin da aka shuka masa: nan kabeji, nan karas, can salak, a gefe guda tumatir yana bin raga. Ganye shar, ba ciyawa ko ɗaya. Wasu da suka gani sun kira kafinta washegari. Wasu kuwa, musamman waɗanda suka tashi a lambu, dariya suke yi, suna cewa wannan aikin wanda ya ƙoshi ne. Kowane ɓangare yana da hujjar da ta cancanci a saurara.

Mai dabarar wani injiniya ne Ba'amurke, Mel Bartholomew, wanda ya ajiye aiki a 1975 ya shiga lambun haɗin gwiwa na unguwarsu a Long Island, cikin jihar New York. Abin da ya dame shi shi ne yadda maƙwabtansa ke shuka a dogayen layuka suna barin tazarar ƙafa uku a tsakani, don kawai haka ake yi a manyan gonaki inda tarakta ke bi. Tarakta ba ta shiga bayan gida, amma an bar mata hanya, hanyar kuma tana shan ruwa, tana cin taki, tana fid da ciyawa. Sannan ga al'adar zazzage fakitin iri gaba ɗaya a layi, bayan ya tsiro a tsuguna a tuge mafi yawansa. Sai ya ɗauki awo. Ya ce faɗin lambu kada ya wuce ƙafa 4, domin hannun mutum yana kaiwa ƙafa 2 daga kowane gefe, ba sai an taka ƙasar ta danƙare ba. Ya ce kowane gida a sa masa shuka gwargwadon girmanta: kabeji ko tattasai ɗaya, salak 4, wake ko ganye mai matsakaicin girma 9, karas ko ƙananan albasa 16, kuma a kowane rami ƙwayar iri biyu ko uku ta isa. Littafinsa, Square Foot Gardening, ya fito a 1981, aka bi shi da shirin talabijin a tashar PBS. Iƙirarinsa shi ne kashi 20 cikin 100 na filin da ake yin layuka ya isa ya ba da amfani daidai da na layukan. Ya rasu a 2016, amma akwatinsa ya zaga duniya.

Magoya bayan akwatin da maganar fili suke farawa, kuma nan ba su yi ƙarya ba. Gidan da na gargajiya yana da bayan ɗaki: kubewa da rama da yakuwa a damina, kabewa ta hau danga, zogale a kusurwa, ba wanda ke kiran wannan lambu, amma miyar gidan daga nan take fitowa. Je ka sababbin unguwannin Kano ko Kaduna ko Maraɗi yau, inda aka yanka filaye awon igiya, aka gine su har bakin layi, aka malale tsakar gida da siminti. Abin da ya rage bai wuce wurin shanya ba. Akwatin Bartholomew murabba'in mita ɗaya da rabi yake ci, kuma bai damu da ko ƙasar gidan mai kyau ce ko tsakuwa ce ko siminti ba, tunda da ƙasarsa yake zuwa. Ga wanda zaɓinsa shi ne wannan ko ba komai, ai da babu gara ba daɗi.

Suna kuma cewa gauraya shuke-shuke a wuri ɗaya ba baƙon abu ba ne da za a tsaya ana yi masa kallon kayan Turawa. Manomin ƙasar Hausa ya daɗe yana haɗa gero da dawa da wake a kunya ɗaya. A ƙarshen shekarun 1960, lokacin da malaman gona ke matsa wa manoma su koma shuka abu ɗaya tal a gona, wani masanin tattalin arzikin noma da ke Samaru, David Norman, ya bi gonakin wasu ƙauyukan ƙasar Zazzau yana aunawa, ya tarar gaurayar ta fi ba da riba a kowace eka, kuma ta fi tabbas: in wannan ya ƙi, wancan ya yi. Akwatin ma haka yake tafiya. Alayyafo cikin mako uku zuwa huɗu ya isa yanka, ya sake tohowa. Salak ya ɗauki wata ɗaya da rabi zuwa biyu, karas kusan wata uku. Gidan da aka kwashe abin cikinsa, a zuba masa taki cikin tafin hannu a sake shuka wani abu a ranar. Don haka ba a samun ranar da komai ya nuna gaba ɗaya har ya lalace, kullum dai da ɗan abin tsinka.

Hujjar da ta fi kama ni a wajensu ba ta kuɗi ba ce, ta tsafta ce. Kogin Jakara da ya ratsa birnin Kano yana kwasar ruwan kwatamin unguwanni da na mahauta, rafin Getsi kuma yana kawo masa na masana'antun Bompai, kuma da wannan ruwan ake shayar da lambunan da ke gefensa duk rani. Bincike daban-daban sun sami burbushin ƙarafa masu guba, irin su dalma, a ƙasar wurin da ganyen da ake nomawa. Ba laifin masu lambun ba ne su kaɗai, ruwan da suka samu ke nan, kuma da shi suke ciyar da iyali. Amma salak da lansir da kabeji ɗanye ake cinsu, a yanka a zuba ƙuli-ƙuli da mai, ba su ga wuta ba. Ƙara da maganin ƙwari da wani zai fesa yau ya yanka jibi don motar 'yan gwari ba ta jira. Uwar da ta tsinko salak daga akwatin tsakar gidanta ta san ruwan da ya sha, ta san ba a fesa masa komai ba. Wannan ba ya shiga lissafin riba da faɗuwa, amma duk wanda ya taɓa kwana a asibiti da yaro mai amai da gudawa ya san yana da farashi.

Akwai kuma ƙanƙantar aikin. Yawancin lambunan gida ba rashin taki ke kashe su ba, zari ne: mutum ya yi ɗoki ya share fili babba, mako uku ciyawa ta fi ƙarfinsa, ya bari. Gida 16 kuwa ko matar da ba ta fita, ko yaro ɗan firamare, ko tsoho mai ciwon baya zai iya kula da su tsakanin la'asar da magariba.

To, sai ka ɗauki wayar ka nuna wa tsohon mai lambu. Ba zai tambaye ka sunan Baturen ba. Abin da zai ce shi ne, "Yaro, ruwan a ina zai kwanta?" Kuma a cikin tambayar nan tasa akwai rabin muhawarar.

Ka tsaya ka kalli yadda ake ban ruwa a fadama. An daddatsa ƙasa fangali-fangali, kowanne ya ɗan yi zurfi, an kewaye shi da 'yar kunya. Mai lambu ya sa fartanya ya sare bakin fangali, ruwa ya shiga ya bazu ya kwanta, ya cika, ya kwashi laka ya toshe, ya buɗe na gaba. Shukar tana ƙasa da hanya, kunyar tana tare mata iska, ruwan ba shi da wurin gudu sai ƙasa, wajen saiwa. Akwatin Amurka akasin haka aka yi shi, an ɗaga shi sama. Dalili kuwa, matsalar mai lambu a New York ita ce ƙasa mai sanyi da ta jiƙe sharkaf bayan ƙanƙara ta narke. Yana son ta tsane da wuri, rana ta ɗumama ta, ya samu ya yi shuka. Mu da muke neman yadda za mu ɓoye danshi daga rana, me za mu yi da ƙasa mai zurfin inci 6 da aka ɗora a kan siminti mai zafi, iska na bugunta ta fuska huɗu?

Lissafin ba wuya. A watan Maris da Afrilu, ruwan da rana da iska ke zuƙewa daga shuka da ƙasa a yankinmu yakan kai milimita 6 zuwa 8 a wuni. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Ke nan akwatin zai sha lita 9 zuwa 12 kullum, jarkar mai ruwa ta lita 25 kwana biyu za ta yi. Ga mai rijiyar burtsatse a gida wannan ba komai ba ne. Ga wanda ke jiran 'yan ga-ruwa su turo kura, kuɗin ruwan wata guda zai iya haura kuɗin ganyen da zai tsinka. Kuma ƙasa mara zurfi ba ta yafiya: a yi tafiyar biki kwana biyu, a dawo a tarar da salak ya kwanta.

Sai batun ƙasar kanta. A sabon bugun littafin da ya fito a 2006, Bartholomew ya ce a bar ƙasar gida gaba ɗaya, a haɗa abu uku daidai wa daida: ruɓaɓɓen taki, da wata ruɓaɓɓiyar gansakuka da ake haƙowa daga dausayin ƙasashen sanyi irin su Kanada, da wani ma'adini mara nauyi, bamikulayit, wanda ake gasawa ya kumbura ya riƙa riƙe ruwa. Cikin akwati ɗaya ya kusa lita 230. Biyu daga cikin ukun nan ba a kasuwar Rimi suke ba, ba kuma a Dawanau ba; in an same su, daga waje aka shigo da su, da kuɗin waje. Katakon kuma abincin gara ne, ga shi kullum a jiƙe a kan ƙasa. Masu adawa suna cewa kafin akwatin ya biya kuɗin kafinta da na haɗin ƙasa, katakon ya zama gari.

Amma inda suka fi ƙarfi shi ne wajen tukunya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum yana buƙatar aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace a rana. Gida mai mutum takwas, in an bi wannan awo, ya haura kilo 3 kullum. Babu akwatin ƙafa 4 da zai kusanci wannan, Bartholomew ma bai ce zai yi ba. Shi akwati ɗaya ko fiye yake ware wa kowane mutum guda, kuma iyalin da yake tunani a kai ba irin namu ba ne. Ɗauki kubewa. Tushe ɗaya gida ɗaya yake ci, kuma abin da zai ba ka 'ya'ya ɗaya ko biyu ne duk bayan kwana biyu. Kafin a tara na tukunya guda, na farkon sun ƙosa sun yi itace. Uwargida ta ce, "Malam, yau kubewa za a yi," Malam ya zagaya lambunsa ya dawo da guda uku a tafin hannu. Dole dai a aiki yaro bakin titi.

Tumatir ya fi ban haushi, domin saboda shi yawancin mutane ke fara wannan harka. Tumatir ɗaya a gida ɗaya da ake gani a hoto irin mai yaɗo ne, wanda ake sassabe wa rassa a bar kara guda ya hau raga. Irin da aka saba da shi a nan, su UTC da Roma, bajewa suke yi, sai an bar wa tushe ɗaya gida huɗu ko fiye, in ba haka ba ya danne maƙwabtansa. Wannan ma da sauƙi. Babbar matsalar lokaci ce. Tumatir sanyin hunturu yake so: a yi dashe a Oktoba ko Nuwamba, a fara tsinka a Janairu. A daidai wannan lokacin ne na Kadawa da Kura ke cika kasuwar Kwanar Gafan, kwando ya faɗi warwas, har a riƙa yankawa ana shanyawa a bakin hanya. Lokacin da yake tsada kuwa, daga ƙarshen bazara zuwa tsakiyar damina, shi ne lokacin da ba ya son yi: in zafin rana ya haura digiri 35, dare kuma bai huce ba, furensa zubewa yake, in ruwan sama ya sauka kuma cututtukan ganye su taso. Abin da ya hana manomi samu shi zai hana mai akwati. Tsutsar nan da manoma ke kira sharon, wadda ta sa gwamnatin Kaduna ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir a 2016, ba ta tsayawa a bakin katanga ta yi sallama.

Gaurayar ma da ake yabo tana da iyaka idan wuri ya yi ƙanƙanta haka. Albasa in ta kusa nuna so take a janye mata ruwa, salak da ke gida na gaba so yake a ƙara, kuma sirarin katakon da ya raba su a sama bai raba saiwarsu a ƙasa ba. Yakuwa ko kubewa in suka miƙe sai su shanye hasken na ƙasa da su. Maganar da ake yaɗawa cewa wannan shuka tana korar ƙwarin waccan, kaɗan ce daga ciki aka tabbatar; darɓa da farin ƙuda ba tazarar inci 12 ce za ta ɓatar da su ba. Ban ma zo kan akuya da kaji da ƙadangaru ba, waɗanda littafin New York bai san da zamansu ba.

Da a nan aka tsaya, da masu lambu sun ci muhawarar. Sai dai akwai wani abu da su da masu yaɗa hoton duk sukan tsallake: akwatin da haɗin ƙasar ba su ne asalin dabarar ba. A bugun 1981, a ƙasar lambu ake yi, a gyara ta da taki a daddatsa ta gida-gida. Ɗagawa sama da sayen ƙasar buhu daga baya suka zama ƙa'ida. Abin da ba ya canzawa shi ne awo: kada a taka, kada a bar fili banza, a ƙirga iri, a maye gurbin abin da aka cire nan take. Wannan kuwa ba ya faɗa da fangali. Mai ƙasa a tsakar gida yana iya haƙa ramin ƙafa 4 da ƙafa 4, ya bar shi ƙasa da daɓe da ɗan yatsa huɗu, ya kewaye da bulo a maimakon katako, ya ja zare ya raba shi 16. Da damina, lokacin da ruwan Agusta ke kwanciya a tsakar gida, a nan ne ɗagawa sama ke da amfani. Mai siminti kuma ya jera bulo biyu a kan juna ya sami zurfin da ya ninka na littafin.

An ma riga an gwada sauya kayan haɗin a ƙasa irin tamu. A Dakar, tun 1999, gwamnatin Senegal da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka fara koya wa mazauna birni, akasarinsu mata, noman kayan lambu a kan ƙananan tebura, a tsakar gida da saman bene. Ba gansakukar Kanada, ba bamikulayit: ɓawon gyaɗa da buntun shinkafa suke zubawa, abubuwan da a Kura da Dawanau tsibi-tsibi ake tara su. Hukumar ta ce tebur mai murabba'in mita ɗaya zai iya ba da salak 36 duk kwana 60, ko kabeji 10 duk kwana 90, ko albasa 100 duk kwana 120, ko tumatir 200 a shekara, da ruwan da bai kai lita 3 a rana ba. A karanta alƙaluman da hankali. Dakar a bakin teku take, ba ta san zafin Afrilun Sakkwato ba, kuma teburan da ruwan taki na musamman ake shayar da su. Sannan tumatir 200 a shekara, in ka raba, huɗu ne a mako. Alƙaluman da magoya baya ke ɗagawa su ne dai suka tabbatar da maganar masu adawa a kan tumatir, su ne kuma suka ƙaryata su a kan salak: kai 36 cikin wata biyu ya wuce abin da yawancin gidaje ke saya.

A ganina nan ne gaskiyar take, kuma ba a tsakiya take ba. A kan ciyar da gida, da tumatir, da kubewa, da albasar ajiya, masu lambu sun yi gaskiya ɗari bisa ɗari, kuma masu yaɗa cewa akwati zai raba mutum da 'yan gwari suna yaudarar jama'a ne, ko da niyyarsu mai kyau ce. Wanda suka ruɗa ya kashe kuɗi, Afrilu ta ƙone masa komai, ba zai sake shuka ko ɗoɗɗoya ba. Amma masu lambu suna auna akwatin da mudun gona, alhali ba aikin gona aka ba shi ba. Akwai kayan da ake buƙata kaɗan-kaɗan kullum, masu saurin yaushi in an saya, waɗanda ɗanye ake ci ko ƙamshi ake nema a jikinsu. A kansu akwatin ya fi kasuwa.

Da ni zan cika gida 16 a farkon Nuwamba, shida alayyafo zan ba, ba rana ɗaya ba, biyu-biyu duk bayan kwana goma, don yanka ya riƙa bin juna. Huɗu salak. Biyu albasa, ba don kai ba, don lawashi. Biyu lansir. Ɗaya ɗoɗɗoya. Na ƙarshe attaruhu, a kusurwar arewa inda inuwarsa za ta faɗa waje, domin da hunturu rana ta kudu take karkata. Tushe ɗaya ya daɗe yana 'ya'ya, kuma ƙwaya biyu ko uku tukunya take nema, ba kwando ba. Na'a-na'a a ba ta tsohon bokiti ita kaɗai, in ba haka ba ta mamaye kowa. Ƙasar kuwa turɓaya da buntun shinkafa da kashin awaki ko na kaji wanda ya ruɓe sarai, don ɗanyen kashin kaji ƙone saiwa yake yi. A rufe fuskar ƙasa da busasshiyar ciyawa, a kifa tsohon gidan sauro a kan sanduna huɗu, ya tare kaji da ƙadangaru, ya kuma rage kaifin rana. In Maris ta raba, a daina jayayya da zafi: salak zai yi tsiri ya yi ɗaci ko me aka yi masa. A bar wurin ga alayyafo da yakuwa, ko a lulluɓe shi ya huta har ruwa ya sauka a zuba lalo da rama. Zogale kuma a kusurwar gida ake sa shi, ba a akwati ba, kuma in da za a ce zaɓi ɗaya, shi zan zaɓa.

Matsalar ruwa ma tana da ɗan sauƙi fiye da yadda lissafin jarka ya nuna, domin gida yana zubar da ruwa mai kyau kullum. Ruwan wankin shinkafa, na wankin kayan miya, na ɗaurayar ƙarshe, da na alwala sau biyar a rana, in an tara a baho sun kusa isar akwati ɗaya. Na wanki mai omo da na wanke-wanke mai maiƙo ne ba a so, gishirin da ke cikinsu taruwa yake a ƙasa mara zurfi har ganye ya fara ƙonewa ta baki.

Inda har yanzu ban sami amsar masu adawa ba shi ne wajen wanda ya fi kowa buƙata. Mai ɗaki ɗaya a gidan haya, inda iyali shida ke raba tsakar gida ɗaya da igiyar shanya ɗaya, ga awakin maƙwabciya, ga yara ashirin, ga katangar bene da ta tare rana sai awa uku, alhali kayan lambu awa shida suke nema: shi ne tsadar kayan miya ta fi yi wa ciwo, shi ne kuma ba shi da inda zai ajiye akwatin. Ko ya samu, sai mai gida ya yarda. Shi ya sa kiran da hukumomi ke yi cewa kowane gida ya yi lambu yake tsayawa a gidajen masu get da famfo. A Dakar abin ya kai ga talaka ne saboda an buɗe cibiyoyin unguwa inda ake koyarwa, ake samun iri da kayan haɗi, wasu matan ma a can suke ajiye teburansu. Mu ma muna da wuraren da suka haɗa fili da katanga da ruwa: harabar makarantun firamare, da Islamiyyu, da masallatan unguwa, inda ruwan alwalar ɗaruruwan mutane ke bin kwata kullum ya fita titi. Fangali huɗu a ƙarshen wannan kwatar ba za su ci kuɗin a-zo-a-gani ba. Wanda zai shayar ranar da ladan ya yi tafiya, da wanda zai ci salak ɗin in ya isa yanka, wannan kuma rigimar kwamitin masallaci ce.